Roƙon tallafi domin gyaran filin tseren jami'armu

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da yayyenmu tsofaffin ɗalibai.

Wanda ya leƙa ofishin wasanni ya san kabad ɗin gilashin nan da kofuna suka cika har ƙofarsa ba ta rufuwa sosai: na ƙwallon ƙafa, na ƙwallon kwando, mafi yawansu kuwa na tsere. Akwai wani tsohon kofin gudun ba-ni-in-ba-ka da rubutunsa ya goge, sai an karkata shi ga haske ake ganin sunaye. Masu sunayen wasu sun yi jikoki, wataƙila ma suna karanta wannan takarda.

To, filin da ya haifi kofunan ya gaji. Zagayensa mita 400 ne, layi 8, amma na ciki sun dare, ciyawa ta fito ta tsagun. Mai horarwa kan jera duwatsu a bakin ramuka kafin atisaye, kada wani ya gurɗe. Takalman gudu kuwa aro ake yi: wannan ya kai ƙarshen layi, ya cire da ɗuminsu, ya miƙa wa na gaba.

Kada a raina filin jami'a. A na Jami'ar Okusfod ne, ranar 6 ga Mayu 1954, wani ɗalibin likitanci mai suna Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya gudu mil guda ƙasa da minti 4, cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. Filin ma na tokar gawayi ne, sai dai shararre, ba rami. Abin da ake yawan mantawa, abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su suka shige gaba suna ja masa gudu har zagaye na ƙarshe. Irin wannan jan gaba muke roƙo a wajenku.

Gyaran layukan ciki shi ne kan gaba, sai takalma, riguna da akwatin taimakon gaggawa. Kuɗi ko kaya duk muna karɓa, kuma tsohon ɗan wasan da zai ba da yammacin rana ɗaya a mako ya horar da ƙannensa, muna maraba da shi ƙwarai. A kawo gudunmawa ofishin wasanni, a karɓi rasit. Za mu liƙa lissafin abin da ya shigo da inda ya tafi a jikin kabad ɗin kofunan.

Allah ya saka da alheri.

Kwamitin Wasanni