Wasiƙa daga Damagaram: labarin auta da gitarsa ta bas

Aminina Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ruwan Kwatano? Mu nan Birni lafiya lau, sai wahalar ruwan sha da ka baro mu da ita.

Ka tambayi labarin autanmu. Yana nan da gitarsa mai tsirkiya huɗu, bas ɗin nan da Inna ke kira "mai gurnani". Har yau ya ƙi zama yaron kowa. Shi ke tsara waƙa, shi ke rerawa, shi ke kaɗawa, kuɗin sutudiyo ma daga aljihunsa. Da rana kabu-kabu yake yi tsakanin kasuwar Dole da Zango, abin da ya samu ya zuba wa waƙa.

Na ce masa, ko Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin Sarkin Damagaram, ai fada ya jingina da ita, kai wa ka jingina da shi? Sai ya kawo mini zancen Richard Bona, makaɗin bas ɗan Kamaru da aka haifa a Minta a 1967. Da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar gitarsa yana yaro, a Duwala ya ji kiɗan Jaco Pastorius, makaɗin bas ɗan Amurka, ya koma bas, a 1995 ya sauka Niyok, kuma bai bar waƙa da harshen Duwala ba. Na ce to, Allah ya sa mu ga naka Niyok ɗin.

Amma gaskiya, Habu, yaron ya iya. Ranar Asabar na bi shi wani biki. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rawa, kalangu bai tsaya ba, amma mata suka yi cirko-cirko, kamar an janye musu tabarma. Da aka tada inji ya ɗora babban yatsa kan tsirkiyar nan mai kauri, sai da na ji ta a ƙirjina. Da, ban ma san shi ke riƙe da rawar ba.

Mai bikin dai jaka biyar ya miƙa masa, bayan alkawarin goma sha biyar. Waƙarsa kuwa tana yawo waya zuwa waya, ko dala ba ta kawo ba.

Tsirkiyarsa ɗaya ta tsinke, ya ƙulle ta yana lallaɓawa. A nan sai an aika Kano. In ka samu a can Kwatano, ka sayo mana saiti ɗaya ka ba direban da ke kawo saƙonka, zan biya. Kada ka faɗa wa auta ni na sa.

Inna na gaishe ka.

Naka,
Sani