Zuwa ga mutumina na Yamai

Salam Alhajin Yamai, ya gida ya yara, ya ƙafar Hajiya? Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, to ni dai na gaji na fara.

Kai da kake cika mana baki da Faransanci, ka taɓa karanta Persepolis? Da yarenku aka fara buga shi a 2000, ni fassarar Turanci na samu, ɗan ƙanwata ya manta da shi a falo. Na ɗauka ina cewa littafin zane ai na yara ne, wlh sai ga ni ƙarfe biyun dare da fitilar waya, uwargida tana ta tsaki. Wata 'yar Iran ce, Marjane Satrapi, ta zana yarintarta a Tehran baƙi da fari kawai. Tana shekara 10 a 1980 aka tilasta musu lulluɓi a makaranta bayan juyin juya hali, sai kuma yaƙin Iraƙi ya ɓarke har 1988.

Akwai baffanta Anoosh da ya yi mata ɗan tsuntsu da burodi a kurkuku, da za a kashe shi aka ce baƙo ɗaya zai gani, ita ya zaɓa. Akwai ɗan mai aikin gidansu da aka ba shi makullin roba mai ruwan zinare a makaranta, wai in ya mutu a fagen daga da shi zai buɗe aljanna. Makullin roba fa mutumina!

Amma inda ya kayar da ni filin jirgi ne. Iyayenta sun tura ta Vienna ita kaɗai tana shekara 14, ta juyo ta hangi uwarta a sume a hannun uban. Ummi ma 14 take, kuma ka san maganar kai ta wajen gwaggonta ta yi karatu saboda yadda hanyarmu ta zama. Na riga na biya kuɗin fom, yanzu kuma ko kallon akwatin ba na son yi. Uwarta ta ce ni na kawo shawarar ni ke kuma jan ƙafa.

Af, Ɗanlami ya ƙara aure, kuma har yau bai biya ni kuɗin taya ba. Kilishin da ka yi alkawari tun azumi fa? Ka kira ni daren Juma'a, lokacin Ummi ta yi barci.

Naka,
Baban Ummi