Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mahaifin Da Ya Yi Tambaya Kan Ranar Godiya A Makarantunmu

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne don in amsa tambayar da ka yi mini a gaban jama'a a taron iyayen yara Hausawa mazauna Bronx, wani yanki na birnin Niyok a Amurka. Ka ce duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, makarantar gwamnati tana sa yaranku su rubuta abin da suke godiya a kansa, tana raba kwandunan abinci da talo-talo ga waɗanda ta ga ba su da hali, wani lokaci har da ɗaukar hoto. Sai ka tambaye ni, a matsayina na malama a irin wannan makaranta, ko wannan tarbiyya ce ko kuwa koya wa ɗan talaka ne ya riƙa rusunawa kan abin da aka ba shi, kuma ko ya dace ku bar yara su shiga.

Amsata ita ce ku bar su su shiga, amma ƙorafinka yana kan hanya, kuma makarantar ce ya kamata ta gyara.

Ranar Godiya hutu ne na ƙasar Amurka baki ɗaya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya yi shelarta a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan majalisar dokoki ta tsayar da ranar a 1941. Ba ta wani coci ba ce, kuma abin da yawancin mutane ke yi a cikinta shi ne haɗuwar dangi da cin abinci tare. Labarin da ake ba yara na liyafar 1621 tsakanin baƙi 'yan Ingila da mutanen Wampanoag, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, rabin labari ne, domin tun 1970 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth, garin da aka yi liyafar, a wannan rana don juyayin ƙasa da rayukan da suka rasa. Malamin kirki yana faɗa wa ɗalibansa duka biyun. Hukuncin addini na bar wa malamanmu, amma godiya ita kanta ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, tunda hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Inda maganarka ta fi ƙarfi shi ne wajen su wane ne ke zaune a azuzuwanmu yanzu. Tsoffin malamai a nan sun fara aiki ne da 'ya'yan baƙaƙen fatar Amurka da na Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika. Daga baya 'yan Gana da Gambiya da Mali da Gini da Nijar suka shigo, tare da 'yan Bangaladash da Yaman. Daga 2022 kuma baƙi fiye da 200,000 suka iso birnin Niyok, daga Benezuwela da Ekwado har zuwa Sanagal da Muritaniya, da yawa da ƙananan yara. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗalibai fiye da 146,000 na makarantun birnin ba su da gida tsayayye, wato kusan ɗaya cikin takwas, wasu a gidajen da gwamnati ke ajiye marasa muhalli, wasu a raɓe a ɗakin 'yan uwa. Yaro kan shigo ajina a tsakiyar zango, ba Turanci, ba rigar sanyi, kuma ba lallai ne ya kai ƙarshen shekara tare da mu ba saboda an sauya wa iyayensa masauki.

To, ka ga irin wannan aji ne ake kawo wa darasin da aka tsara don yaran da ke da gida da kicin da kaka mai gasa talo-talo. A ce wa yaro ya zana teburin cin abincin gidansu, alhali inda yake kwana ba a ma yarda a ɗora tukunya ba. A dawo ranar Litinin a tambayi kowa abin da ya ci, sai mai shi ya yi ƙarya ko ya sunkuyar da kai. Malaman da ke yin haka ba mugunta ce ta sa su ba, sabo ne, amma ciwon da yaro ke ji bai san niyyar malami ba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: hutun nan kwana huɗu ne a jere, daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma ga yaron da karin kumallonsa da abincin ranarsa suke a makaranta, kwana huɗu ne na rufewar kicin ɗin da ya fi dogara da shi. Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a daina raba kwanduna. Yunwar gaskiya ce. Yadda ake rabon ne ke buƙatar gyara.

Ina so kai da sauran iyaye ku riƙe wannan da kyau, Alhaji, domin a nan ne amsar take. Yawancin abin da makaranta ke ba ɗanka haƙƙinsa ne bisa doka, ba sadaka ba ce. Tun 1946 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar ciyar da ɗalibai, kuma tun 2017 abincin rana kyauta ne ga kowane ɗalibi a makarantun gwamnatin Niyok ba tare da duba samun iyayensa ba. Dokar ilimi ta 1965 ta ware ƙarin kuɗi daga gwamnatin tarayya ga makarantun da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa a cikinsu. A 1982 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a daga Texas cewa ba za a hana yaro karatu ba don iyayensa ba su da takardun zama. Dokar McKinney-Vento kuma ta tilasta a karɓi yaron da ba shi da muhalli nan take ko da babu takardunsa, a bar shi a makarantarsa ta farko idan an sauya masa masauki, a kuma taimaka masa da abin hawa. Kuɗin duk wannan daga haraji yake fitowa, har da harajin direban tasi da mai kitso da mai kai saƙon abinci a kan keke cikin ƙanƙara. Saboda haka idan aka tsayar da yaro a gaban kyamara riƙe da kwando, ana nuna shi don a yabi mai bayarwa, an shiga abin da Alƙur'ani ya hana, wato ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu a kai ba shi da wuya. A aika da takarda ga kowane gida, cikin harshen da iyaye ke karantawa, duk mai so ya karɓa ba tare da an kira sunan ɗansa a aji ba. A raba kafin hutu, a jakar da ba ta bambanta da ta kowa ba, kuma a tambayi iyaye abin da suke ci. Talo-talo mai ƙanƙara ba shi da amfani ga wanda ba shi da murhun gasawa, kuma naman da ba a san yankansa ba zai ƙare ne a hannun maƙwabci. Shinkafa da mai da albasa, ko katin sayen abinci, sun fi shiga tukunyar mutanenmu. Hoto kuwa a daina shi gaba ɗaya.

A ajina ba na tambayar yara abin da suka mallaka. Ina ce musu su rubuta wa wani mutum da ya yi musu alheri, cikin kowane harshe suka iya. Wasu kan rubuta wa matar da ke zuba musu abinci, wasu ga mai tsallakar da su titi, wasu ga abokin da ya yi musu tafinta a makonsu na farko, da yawa kuma ga uwa mai aikin dare. Irin wannan godiya ba ta ƙasƙantar da kowa, kuma ɗan mai hali da ɗan mara hali suna yin ta daidai wa daida. Ina kuma ganin mu malamai ma akwai bashin godiya a kanmu ga iyayen da ke tashi kafin asuba su hau jirgin ƙasa biyu don kada yaro ya rasa darasi.

Naku aikin, Alhaji, shi ne ku shigo ciki. Ku cike takardar bayanin samun iyali idan an aiko, domin tana cikin abin da ake dubawa wajen ba makaranta ƙarin kuɗi. Ku nemi tafinta a duk taro, haƙƙinku ne kuma kyauta ne. Ku tambayi shugaban makaranta batun abincin halal, tunda akwai makarantun birnin da aka riga aka tantance kicin ɗinsu. Ku tuna cewa hutun Sallah ƙarama da babba na makarantun birnin da aka sanar a 2015 ya samu ne bayan iyaye Musulmi sun yi shekaru suna nema. Idan ka amince, mu haɗu da wasu iyayen mu kai wa shugaban makarantar yaranka maganar hoto da ta kwanduna tun a watan Oktoba, kafin a gama shirin rabon.

Wassalam,
Malamar yaranku a Bronx