Wasiƙa zuwa ga Iliya, a Yamai

Tawa, daren Litinin

Ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya. Innarka tana gaishe ka, haka ma Rahila da ƙannenta. An gama yankan hatsi, mun gode Allah da abin da muka samu.

Sau uku ina kiranka kana ce mini kana cikin darasi, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A waya kana iya cewa "to Baba, to Baba" ka kashe. Takarda kuwa za ta kwana a aljihunka.

Kawunka ya sauka ranar Asabar. Ni bai gaya mini kome ba, innarka ya ja gefe a madafa, ita kuma ta yi kwana biyu tana haɗiye maganar har na gane a idonta. Ya ce sati uku ke nan rabonka da Gardenal, maganin farfaɗiyarka. Ya ce a wani taron addu'ar dare aka ɗora maka hannu, ka fito da kwalin maganin daga aljihu ka ajiye a gaban jama'a, ana ta tafi. Da ya yi maka faɗa, ka buɗe masa Markus sura 9, ka ce abin da ke jikinka irin na yaron nan ne, ba ya fita sai da addu'a da azumi, ka ƙara masa da Ishaya 53, cewa da raunukansa aka warkar da mu. Daga ƙarshe wai ka ce, "Ai Baba ne ya koya mana, abin da ke rubuce shi ke nan."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Na faɗe ta, ban musa ba, kuma na faɗe ta da sanda a hannu. Amma ka tuna yadda muka taso. Mu 'yan ƙalilan ne a gari, a kasuwa da lakkol kullum ana ce mana an canza littafinmu. Wanda ke cikin irin wannan hali dole ya riƙe kowace aya da haƙori, in ba haka ba da yanzu babu ko ɗayanku a cikin ikkilisiya. Har gobe ina nan a kan bakana cewa kabarin nan wofi ne, ruwa ya zama ruwan inabi a Kana, Li'azaru ya fito bayan kwana huɗu da ƙafafunsa. Waɗannan abubuwa ne da suka faru, mutane suka gani da idonsu. Duk wanda ya ce maka tashin Almasihu misali ne kawai, ka ɗauki takalminka ka bar wurin.

Sai dai ban taɓa koya maka cewa kowace magana a zahirinta ake ɗaukarta ba, kuma in ka ji haka daga bakina, to ban iya koyarwa ba. Kai Bahaushe ne, ɗan Adar. Lokacin da kakarka ke cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ka taɓa ganin wani ya ruga randa? Maganar gaskiya ce tsantsa, amma gaskiyarta ba a gemu take ba. Haka Ubangiji ya yi magana sau da yawa. Ya ce shi ne ƙofa, ya ce shi ne kurangar inabi, ya kira Hirudus dila. Ya ce in idonka na dama yana sa ka tuntuɓe ka ƙwaƙule shi ka yar, amma ba mu ji manzo ko ɗaya da ya yi haka ba, alhali su suka fi kowa jin maganarsa. Sun gane yana nufin a rabu da zunubi kome zafin rabuwar.

Ka ɗauki Yohanna ka karanta surorin farko a zama ɗaya, za ka ga mutane suna ta yin tuntuɓe a wuri ɗaya. Ya ce a rushe Haikalin nan zai tā da shi cikin kwana uku, suka fara ƙirga masa shekara 46 da aka yi ana gini, shi kuwa jikinsa yake nufi. Nikodimu, babban malami, ya tambaya ko tsoho zai koma cikin uwarsa. Matar Samariya da aka yi wa maganar ruwan rai ta dube shi ta ce ba shi da guga, rijiyar kuwa da zurfi. Ina son matar nan, domin duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyoyin ƙasarmu ya san tambayarta ta hankali ce. Amma da ta tsaya a kan guga, da ta koma gida da tulunta ba ta sami kome ba. Har almajiran kansu, a bisharar Matta da Markus, da ya ce su yi hankali da yistin Farisiyawa, suka ɗauka don sun manta da gurasa ne, sai da ya tsauta musu.

Wannan gardama ta girme mu duka. Tun ƙarnukan farko malaman Iskandariya suna neman ma'anar ɓoye a ƙarƙashin kowace aya, na Antakiya suna cewa a tsaya ga abin da marubuci ya nufa. Agustin, wanda ya yi aikin bishop a Hippo, can cikin Aljeriya ta yau, arewa da mu, ya rasu a 430, ya gargaɗi Kirista kada su jingina wa Littafi Mai Tsarki maganar da masu sanin duniya suka san ba haka take ba, don kada a mai da bangaskiya abin dariya. A 1529 Luther da Zwingli, jagororin gyaran ikkilisiya, suka zauna a Marburg ta ƙasar Jamus, suka daidaita a kan batu 14 cikin 15, suka watse a kan ɗaya: ko "wannan jikina ne" a Jibin Ubangiji zahiri ne ko alama. Mutanen da suka san Helenanci da Ibrananci ke nan. In su sun kasa yanke wa 'yan kalmomi hukunci, yaya yaro ɗan shekara 22 da wani mai lasifika za su yanke wa ranka hukunci a dare ɗaya?

Yanzu mu zo Markus 9 ɗin naka. Iliya, babu surar da na karanta kamar ta. Daren da ka faɗi a murhu, bayan an naɗe maka hannu ka yi barci, ita na buɗe a ƙarƙashin fitila, na iske uban yaron nan yana cewa ciwon yakan jefa ɗansa cikin wuta da cikin ruwa. Ban iya ƙarasawa ba. Kukan da ya yi a aya ta 24, na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, shi ne addu'ata shekara da shekaru. Don haka kada ka zo mini da wannan sura kamar baƙuwa ce a gidan nan. Ban musa cewa yaron nan aljani ne ya kama shi ba, Littafi ya faɗa. Amma labarin yaro guda ya bayar, bai ce duk wanda ya faɗi aljani ne da shi ba. Ka duba Matta 4:24, inda aka lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu: masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Kai mai son abin da ke rubuce, ga shi a rubuce. Me ya sa malamin naku bai karanta muku wannan ba?

Ga abin da ke cina. Kullum safiya kana hawa moto ka bi ta gadar Kennedy zuwa Harobanda. Na san gadar nan, na san cunkosonta da safe, motoci da amalanke da masu kabu-kabu kowa na neman hanya, ga gulbi a ƙasa cike. Da na rufe ido sai in gan ka a tsakiyarta, hannunka ya sandare a kan kan moto, idonka ya juye. Na ga wuta da idona, Iliya. Saura ruwa, kuma ina roƙon Allah kada ya nuna mini. Na yi shekara huɗu ina ƙirga watanni ba ka faɗi ba kafin in yarda a saya maka moton nan, innarka tana cewa kada, ni na rinjaye ta. In wani abu ya same ka a kanta, da wane ido zan dube ta? Likitan da ke duba ka ya faɗa mana a gabanka cewa maganin nan ba a yanke shi farat ɗaya, domin ciwon yana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da, faɗuwa a kan faɗuwa ba farfaɗowa, kuma irin wannan yana kisa. Ya ce rashin barci yana tā da shi. Kai kuwa ka haɗa duka: ka bar magani, kana kwanan addu'a, kana azumi, da safe ka hau moto.

Ka san wanda ya ɗauki aya a zahirinta ya miƙa wa Ubangiji a kan tsororuwar Haikali? Shaiɗan ne. Zabura 91 ya jawo, bai ƙirƙiro ta ba: ka diro ƙasa, ai an rubuta mala'iku za su tallafe ka. Yesu bai diro ba. Ya amsa da wata aya, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Ɗan Allah da kansa ya ƙi tsalle, kai kuma kana yinsa kowace safiya a kan gada, kana kiran abin bangaskiya.

Kuma ba tatsuniya nake maka ba. A 2014 wani fasto a jihar Kentucky ta Amurka, daga cikin masu ɗaukar macizai a sujada saboda Markus 16, maciji ya sare shi, ya ƙi magani, ya mutu a ranar. Bulus ma maciji ya sare shi a tsibirin Malita bai cutu ba, amma itace yake sa wa wuta, bai je neman macijin ba. A 2023 mun ji a rediyo abin da aka tono a dajin Shakahola na Kenya, gawa sama da 400, da yara a ciki, mutanen da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu. Kowannensu yana da uwa da uba.

Wa ya ce muku magani rashin bangaskiya ne? Ishayan da kake jawowa shi ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, bayan Allah ya riga ya yi masa alkawarin ƙarin shekara 15. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya ce wa Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa, ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Shi kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, masu bishara ne suka gina shi, suna addu'a suna ba da ƙwaya, kuma can aka karɓi haihuwarka. Kai ka fi su Ruhu ne? Tun kana shekara tara innarka ke tsakurar kuɗin cefane don kada kwalin nan ya yanke ko kwana ɗaya, kai kuma ka ajiye shi a ƙasa don a yi maka tafi. Ka kyauta ke nan?

Na yi zafi. Bari in sassauta, domin na san inda ke maka ciwo. Na san yadda yara suka riƙa watsewa in ka faɗi, don an gaya musu yawunka yana harbi, alhali ƙarya ne. Na san abin da gidan su yarinyar nan suka faɗa, da yadda ka yi wata guda ba ka cin abinci da mu. Duk ƙwayar da ka haɗiya da dare tana tuna maka. Da aka zo aka ce maka an gama, ka warke, wa zai ƙi so? Ni ma ina so, na fi ka so. Kuma ban ce Allah ba zai iya ba.

To, in ya warkar da kai, ka yi abin da Yesu ya umarci kutare: ku je ku nuna kanku ga firistoci. A shari'ar Musa firist ne ke duba fata ya tabbatar mutum ya tsarkaka. Ubangiji bai ji tsoron a bincika aikinsa ba. Ka je wurin likita ka faɗa masa gaskiya, ranar da ka daina da duk abin da ka ji a jikinka tun daga nan. Likitoci da kansu sukan rage wa mutum magani sannu a hankali in ya daɗe bai faɗi ba. In ranar ta zo, ni zan yanka rago, in tsaya gaban ikkilisiya in ba da shaida da bakina.

Kafin nan ka ajiye moton a gidan kawunka, ka ba shi makulli. Na sa jaka goma cikin takardar nan don kuɗin taksi da na likita. Innarka ta haɗa maka kilishi da garin kuka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ni kuma na yanki tikitin safiyar Alhamis, in Allah ya yarda da la'asar ina Yamai. Ka tarye ni a tasha da Littafinka a hannu, mu zauna mu buɗe Markus 9 tare, sa'an nan Jumma'a da safe in raka ka asibiti.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka.

Mahaifinka