Wasiƙa daga Damagaram: wa ya gani da idonsa?

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin Arlit bai matsa muku ba. Mu nan hunturu ya sauka da ƙura, famfo kuwa yadda ka bar shi, sai mu bi ƴan ga-ruwa. Inna tana gaishe ka.

Wata magana ce ta hana ni barci, kuma ba ta waya ba ce.

Bayan sujadar godiyar kaka, baikon da aka tara, jika tamanin, ya ɓace daga akwati. Kafin la'asar kowa ya riga ya san ɓarawo: yaron nan mai sharar majami'a, wanda ka koya wa karatu kafin ka tafi. Makulli yana hannunsa, ga shi an gan shi da sabuwar waya. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na faɗa. A bakin ƙofa na ce biri ya yi kama da mutum, mutane suka ji.

Dattawan ikilisiya suka sa mu uku mu bincika. Na je da hukuncina a aljihu. Sai tsohon da ke cikinmu ya goge tabarau da bakin rigarsa, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Kubawar Shari'a sura 19, ya sa yatsa a aya ta 15, inda aka ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa a kama kowa da laifi ba, sai ta biyu ko uku. Na ce, Baba, ai shaidunmu sun fi goma. Ya ce to, mu kira su ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ji bakin wani. Dabarar Daniyel ce a labarin Suzana, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na ƴan'uwanmu Katolika: ya raba dattawa biyu masu ƙarar, ya tambayi kowanne a gindin wane itace abin ya faru, bakinsu ya saɓa.

Kwana biyu muna zaune a kan benci muna tambaya. Wannan ya ce wance ta gaya masa, wance ta ce a bakin wane ta ji. Da muka bi zaren, shaidu goma suka koma mace ɗaya, ita ma abin da ta gani shi ne yaron ya fito daga ɗakin da tsintsiya. Waya kuwa, wansa mai kabu-kabu ne ya saya masa a kasuwar Dole, ya kawo mana takardar ciniki, duk ta yi laushi don ninki.

Tun ranar nake bin wannan magana cikin Littafi. A da ina ɗauka yawan shaidu shi ke nan. Ashe Nabot ma da shaidu biyu aka kashe shi. A 1 Sarakuna 21, Yezebel, matar sarki Ahab, ta bi ƙa'ida tsaf: aka yi shelar azumi, aka tara jama'a, aka zaunar da ƴan iska biyu suka yi masa ƙarya, aka jajjefe shi, Ahab ya gaje gonar inabin Nabot. Lissafi ya cika, bincike ne babu. Shi ya sa waccan sura ta 19 ta Kubawar Shari'a ba ta tsaya ga ƙirga ba. Aya ta 18 da ta 19 sun ɗora wa alƙalai su bincika sosai, in kuwa mai shaida ya yi ƙarya, abin da ya nufi ɗan'uwansa da shi a kansa zai sauka. Sura 17 ma ta ce hannun shaidu ne zai fara jifa. Ka yi tunani: da an miƙo mini dutse a ranar an ce, kai da ka faɗa, fara, da me zan kare kaina?

Wanda ya fi girgiza ni yana Farawa 18. Kukan Saduma ya kai ga Ubangiji, shi da ba abin da ke ɓoye masa, amma ya ce zai sauka ya duba ko haka ne. Ni kuwa ko unguwar yaron ban taka ba.

Mu fa ba mu da hujjar mantawa. Ka tuna 16 ga Janairun 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen da aka buga a Faransa, wanda ba mu da hannu a ciki. Ba wanda ya tsaya ya tambaye mu, in ban da maƙwabtanmu Musulmi da suka buɗe mana ƙofofinsu. Mun ɗanɗani hukuncin taro, ga mu mun yi wa maraya irinsa. Fitowa 23 ta hana bin taro a aikata mugunta, mun sha karanta ta.

Kuɗin dai har yau ba a gan su ba. Mun gaya wa dattawa cewa ba mu sami hujja a kan kowa ba, kuma daga yanzu mutum biyu za su riƙa ƙirga baiko su sa hannu a littafi. Wasu sun ji haushi, suna cewa mun rufa wa ɓarawo asiri. Na fahimce su, guminsu ne ya tafi.

Yaron bai ƙara zuwa sujada ba. Na same shi a Birni, gidan kakarsa, yana wanke babur ɗin wansa. Na roƙi gafara, ya ce ba komai, amma bai ɗago kai ba. Lahadi mai zuwa zan tsaya gaban jama'a in janye maganata, tunda a gabansu na yi ta.

Don Allah ka kira shi. Yana jin maganarka fiye da ta kowa. Kada ka ce masa ya dawo, ka dai tambaye shi yadda abin ya faru, ka bar shi ya faɗa har ƙarshe.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Damagaram