Mai Son Kifin Teku a Kano Ya Fara da Ɗakin Tankin Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu sha'awar kifin ado, musamman waɗanda suka fara hangen barin kifin ruwan daɗi su koma kifin teku da murjani mai rai. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu kuɗin gilashi da kuɗin kifi suke fara tambaya, alhali ran kifin yana wurin da baƙo ba ya gani, wato tankin ƙasa da ake kira samp, da ɗakin da aka ajiye shi.

Aikin tankin ƙasa ba shi da wuyar fahimta. Ruwa yana malalowa daga babban tankin falo ta bututu, ya sauko cikinsa, a tace shi, a daidaita zafinsa, sannan famfo ya mayar da shi sama. A ƙasashen sanyi mutane da yawa suna cusa shi cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin gilashin, su zauna lafiya. A Kano ban ba kowa wannan shawara ba idan tankinsa ya kai lita 400. Kabad rufaffe a watan Afrilu, da famfo biyu ko uku suna aiki a ciki, zafi kawai yake tarawa, ga ƙara a falo, ga gishiri yana cin katako da soket. Ɗaki na musamman, ko da mita 2 ne a kan mita 2 da rabi, ya fi.

Wurin ɗakin shi ne magana ta farko. Ruwa da kansa yake saukowa, ba famfo ke jawo shi ba, don haka dole bakin tankin ƙasa ya kasance ƙasa da inda ruwa ke malala a tankin falo. Gidajenmu ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, saboda haka mafi sauƙi shi ne sito ko wani ɗan ɗaki da ya haɗa bango da falo. Idan gilashin yana kan teburi mai tsayin santimita 90, shi kuma tsayinsa 60, ruwa zai fita daga wajen santimita 145, ya sauka a tankin da bakinsa bai wuce 70 daga ƙasa ba. Wannan tazara ta isa. Bututu ya riƙa gangara santimita 2 a kowace mita, kada a bari ya lotsa a tsakiya ya sake hawa, domin nan iska ke maƙalewa, ruwa ya riƙa tafiya yana tsayawa. A guji ɗakin da bangonsa ke kallon yamma, kuma in rufin kwano ne a yi masa silin mai kauri.

Ƙasan ɗakin a yi masa tayil, a karkata shi zuwa magudana a kusurwa, a ɗaga dokin ƙofa santimita 5. Ruwa zai zube wata rana, ko ba jima ko ba daɗe, kuma gara ya bi kwata da ya bi kafet. Tankin lita 300 idan ya cika nauyinsa ya haura kilo 300, don haka dakalin bulo da siminti ya fi teburin ƙarfe, wanda tsatsa za ta ci cikin ɗan lokaci.

Kayan famfo duk su zama na roba, PVC, tun daga bututu har bawul. Wannan sai an tsaya a kan mai aikin famfo, domin hannunsa ya saba da kan famfo na tagulla da mahaɗin ƙarfe, kuma a Ƙofar Ruwa su ne suka fi yawa a gaban shago. Jan ƙarfe da tagulla suna narkewa kaɗan-kaɗan a ruwan gishiri, ɗan abin da ya narke kuwa ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna shi ma guba ne, sai na tankin kifi. A sa mahaɗi mai kwancewa gaba da bayan kowane famfo don a iya cire shi a wanke ba tare da yanka bututu ba, a kuma bar gam ya bushe awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

Bututun saukar ruwa kada ya zama ɗaya. Aƙalla biyu, masu faɗin inci ɗaya da rabi. Na farko yana nutse a cikin akwatin malala, wato akwatin da ruwan saman tankin falo ke zubowa ciki, da bawul mai murɗawa a kusa da ƙarshensa, a daidaita shi har ya cika da ruwa ba iska, a nan ne ƙara ke ɗaukewa. Na biyu bakinsa yana sama da na farko, ba a sa masa bawul ko kaɗan, aikinsa jiran ranar da dodon koɗi ko gansakuka za su toshe na farkon. Wanda ya iya ƙara na uku ya ƙara. Gudun ruwan kuma ba sai ya yi yawa ba: ninki 3 zuwa 5 na girman tankin falo a awa ɗaya. Tanki mai santimita 150 a kan 60 a kan 60 yana cin lita 540, ke nan kimanin lita 2,000 a awa. Lambar da ke jikin kwalin famfo ta ruwan da bai hau ko'ina ba ce. Kowace mita ta hawa da kowace gwiwar bututu tana rage ta, don haka a duba jadawalin da ke nuna abin da yake bayarwa a tsayin da ake bukata.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya fi natsuwa, wato lokacin da aka ɗauke wuta. A wasu wuraren wannan lissafin na ko-ta-kwana ne, a nan kuwa abu ne na yau da gobe. Da famfo ya tsaya, ruwan saman tankin falo zai ci gaba da sauka har ya kai ƙasan bakin malala, bututun mayarwa kuma ya juya ya fara zuƙo ruwa baya, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Duk wannan ruwa tankin ƙasa zai karɓa. A tankin da na ambata, santimita 3 na saman ruwa lita 27 ne. Bututun inci ɗaya da rabi yana riƙe da kimanin lita 1.3 a kowace mita, mita 5 ke nan lita 6 da rabi. A haɗa da na bututun mayarwa da na cikin na'urar kumfa mai fitar da dauɗa, an doshi lita 40. A ƙara rabin wannan don tsaro, ya zama 60. Tankin ƙasa mai santimita 120 a kan 50 yana cin lita 6 a kowace santimita ta tsayi, don haka dole a bar aƙalla santimita 10 babu ruwa a samansa kullum. A ja layi da alƙalamin maka a jikin tankin ƙasan, kada mai ƙara ruwa ya wuce shi.

Wasu suna dogara da bawul mai hana ruwa komawa. Ni ban yarda da shi shi kaɗai ba, domin ƙwayar yashi ɗaya ko ɓawon gishiri ya isa ya hana shi rufewa, kuma ba za a sani ba sai ranar da ake bukatarsa. Abin da ya fi tabbas shi ne bakin bututun mayarwa ya tsaya santimita 2 kacal a ƙarƙashin ruwa, a kuma huda masa rami na milimita 3 dab da saman ruwan, yadda iska za ta shiga ta katse zuƙowar. A riƙa tsokale ramin duk mako, yana toshewa.

Dawowar wuta ma tana da nata haɗarin. Na'urar kumfa, wato sikima, wadda ke fitar da dauɗa ta hanyar kumfa, yawanci tana son ruwa mai zurfin santimita 18 zuwa 23 da ba ya canjawa. Idan ta tashi tare da famfo alhali tankin ƙasa yana cike, kofinta zai yi ambaliya, dauɗar mako guda ta koma cikin ruwa. A sa mata makunni mai jinkirin minti 5. Shi ya sa kuma ake raba tankin ƙasa da allunan gilashi: sashen shigowar ruwa da safar tacewa, sashen sikima, alluna uku masu tazarar santimita 3 da ke kama ƙananan kumfa, sai sashen famfo a ƙarshe.

Kifin teku ba ya jure ruwan da ya tsaya. Cikin 'yan awoyi iskar numfashi ke ƙarewa, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Famfon mayarwa da mai kaɗa ruwa a tankin falo su hau layin inbata na dindindin. Idan biyun suna cin wat 60, batir mai volt 12 da amfiya 200 na gubar dalma, wanda rabinsa kawai ake so a sha, zai riƙe su wajen awa 16. Hita da na'urar sanyaya ruwa kada su hau wannan layin, za su tsotse shi nan take. Inbata da batir su zauna a wani ɗakin, domin iskar gishiri tana cin su. Soket a ɗaga su sama da mita ɗaya da rabi, kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya faɗi a ƙasa, a kuma sa makarin wuta mai katsewa a miliamfiya 30 a layin ɗakin gaba ɗaya. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, ga mutum hannunsa a ciki, ƙafarsa a jiƙaƙƙen tayil. Mai odar kaya daga Amurka ya tuna nasu volt 120 ne, namu 230.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 26, idan ya daɗe a 30 murjani ya fara fari yana mutuwa. Daga Maris zuwa Mayu Kano takan haura digiri 40. Na'urar sanyaya ruwa tana aiki, amma zafin da ta cire a cikin ɗakin take zubar da shi, don haka ko a fitar da iskar bayanta waje ta bango, ko ɗakin ya sami esi mai doki ɗaya. Fankar da ke hura saman tankin ƙasa tana rage digiri ɗaya zuwa biyu a lokacin rani, da damina kuwa amfaninta kaɗan ne saboda iska ta riga ta jiƙe. Da hunturu sai a juya: daren Disamba da Janairu yana bukatar hita, biyu ƙanana sun fi babba ɗaya, don idan ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa tankin ba.

Iskar ɗakin kanta abin kula ce, kuma wannan mutane da yawa ba sa kawo shi a rai. Sikima iskar ɗaki take zuƙa tana cuɗawa da ruwa dare da rana. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne mai ƙarfi ga kifi, haka hayaƙin janareta, turaren wuta ma bai dace ba. A sanar da uwargida da duk mai aikin gida cewa wannan ɗaki ba a fesa masa komai. Tiyon iskar sikima a bi da shi ta cikin gwangwanin gawayin tacewa, taga a sa mata raga da soso saboda ƙurar hunturu, a kuma ɗora fankar zuƙe iska a saman bango don danshi ya sami hanyar fita.

Sai ruwa. Tsakaninmu da teku tafiya ce ta kilomita kusan dubu, don haka haɗa shi za a yi. Ruwan burtsatse da na 'yan garuwa da na famfo duk ba su isa ba, ko da sun yi garau a ido: na famfo yana iya zuwa da kulorin, na ƙasa kuma da sinadaran da ke haifar da gansakuka. Ana bukatar matatar RO, wadda ke tace ruwa da matsi, mai matakin ƙarshe na DI da ke tsotse ragowar sinadarai, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili. Matatar tana son matsin ruwa na wajen bar 4 a ma'aunin matsi, tankin saman gida mai tsayin mita 5 kuwa rabin bar kawai yake bayarwa, don haka sai da ƙaramin famfon ƙara matsi. Tana zubar da lita 3 zuwa 4 a kan kowace lita mai kyau. Wannan ruwan ba gishirin teku a cikinsa, a tara shi a yi wanki ko ban ruwan shuka.

Duro biyu na roba za su zauna a ɗakin, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na haɗa gishiri. A sayi sababbi, kada a ɗauki na hannu da ba a san abin da ya taɓa zama a ciki ba. Gishirin girki da manda da kanwa ba su da wuri a nan, sai gishirin tankin teku na musamman, kimanin kilo 3 da rabi zuwa 4 a lita 100. Gishiri ake zubawa cikin ruwa a hankali famfo yana juyawa, ba ruwa a kan gishiri ba, in ba haka ba alli ya fita ya kwanta. A bar shi ya kwana, a auna da ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 zuwa 1.026, sannan a canja kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu. Tsohon ruwan a kai shi kwata, ba gindin bishiya ko gindin gini ba.

Ruwan da ya bi iska kuwa gishirinsa yana nan a tanki, don haka da tataccen ruwa zalla ake cike gurbinsa. Tsarin da ke ɗauke da lita 700 yana iya rasa lita 14 a rana idan fanka na aiki da rani. Kwana biyar ba a ƙara ba, gishiri ya tashi daga giram 35 a lita zuwa kusan 39. Na'urar ƙara ruwa mai aiki da kanta tana magance wannan, idonta mai gane tsayin ruwa ya zauna a sashen famfo, domin a nan kaɗai raguwar ke bayyana. Mazubinta kada ya wuce na kwana uku ko huɗu, kuma kada a jona matatar kai tsaye da tankin ƙasa, saboda ranar da idon ya maƙale ruwan daɗi zai yi ta shiga ba tsayawa.

Kafin gishiri ko dutse ko kifi su shiga, a cika komai da ruwan famfo a bar shi yana zagayawa kwana uku. A kashe wuta a tsaya a ga inda ruwa ya tsaya a tankin ƙasa. A rufe bututu na farko gaba ɗaya a ga ko na biyu zai ɗauke ruwan shi kaɗai. A shimfiɗa takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi a duba da safe. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai yi daidai ba, a gyara a sake gwajin daga farko, sannan a zubar da ruwan, a zuba tatacce.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai kiwon kifin ado,
Birnin Kano.