Sanarwa: Sa Ido Kan Dunƙulen Taurari M80

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu kallon sama na Garwa da Marwa.

A watannin da jerin taurarin da ake kira Kunama (Scorpius) ke fitowa da wuri bayan isha'i, muna roƙon duk mai madubin hangen nesa da kyamara ya riƙa ɗaukar hoton M80 a duk daren da gajimare ya ba da dama. Yana tsakanin jan tauraron nan Antares da kan Kunamar.

Abin da muke fako shi ne taurari biyu masu zagaya juna kurkusa. Ɗayan ya riga ya mutu, ya ƙanƙance kamar girman duniyarmu, amma nauyinsa na janyo iskar gas daga ɗan'uwansa. Idan gas ɗin ya taru ya yi zafi sosai, sai ya fashe, haske ya tashi farat ɗaya, ya yi kwanaki, ya lafa. A watan Mayu na 1860 masanin taurari Bajamushe Arthur von Auwers ya ga irin wannan a M80, tauraron da ake kira T Scorpii, har haskensa ya rinjayi na dunƙulen gaba ɗaya. Ƙananan fashewar kuwa sun fi ƙarfin yawancin madubanmu, domin tsakiyar dunƙulen a cunkushe take. Babbar fashewa muke jira, kuma ba ta sanarwa.

Don Allah kowane hoto ya zo da kwanan wata, lokaci da wurin ɗauka. Hoton da bai nuna komai ba ma ku turo, da shi za mu gwada na gobe. Wanda ya ga sabon ɗigo kada ya yaɗa, ya fara turowa nan mu tantance kafin mu kai rahoto ga AAVSO, ƙungiyar Amurka ta masu sa ido kan taurari masu canza haske.